Yadda Injin Ɗab'i Ya Taimaki Talaka Wajen Neman 'Yanci

Dattawan Babura da Kazaure sun san zamanin da takarda ɗaya kan tara mutum ashirin a gindin bishiya. Mutum ɗaya ke karantawa, sauran suna saurare. A wancan lokaci ƙasar Babura da Kazaure da Roni da Gwiwa duk a cikin Lardin Kano suke, kuma Turawan Ingila ne ke mulki. Ta yaya takarda ta zama makamin talaka a zamanin? Ga bayani.

Zuwan Turawa da sana'o'inmu

Turawa sun ci Kano a shekarar 1903. Kafin zuwansu, ƙasar Kano ta yi suna wajen saƙa da rini da jima da ƙira. Fatake na ɗaukar tufafin Kano a kan raƙuma da jakuna zuwa Agadas da Tambutu. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai ciniki ya juya. Aka riƙa kwasar gyaɗa da auduga da fatu zuwa Ikko, daga can a yi Ingila da su. A can ne injuna ke saƙa audugar, sannan a dawo da yadi a sayar wa manomin da ya noma ta. Kamfanonin Turawa ne ke yanke farashi. Ga kuma haraji da jangali da aikin tilas. Talaka na da kuka, amma ba shi da inda zai kai shi.

Jaridar kwabo ɗaya

Tun kafin Turawa malamanmu na rubutu da Larabci da ajami. Amma da hannu ake kwafa, littafi ɗaya kan ci makonni. Injin ɗab'i kuwa yana buga dubbai a yini guda.

A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya. Kwabo ɗaya ake sayar da ita. Editanta na farko shi ne Malam Abubakar Imam, yana aiki tare da wani Bature mai suna Rupert East. Gwamnati ce ta kafa ta don mutane su ji labari daga bakinta. To amma sai masu karatu suka shiga aiko da wasiƙu, suna faɗin damuwarsu game da ma'aikatan En'e da rashin makarantu. Shi kansa Malam Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 tare da wasu 'yan jarida na Afirka ta Yamma. Ya gana da Lugga, tsohon gwamna, ya kuma rubuta masa gyare-gyaren da Arewa ke bukata. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya, aikin ɗab'i ya ƙara bunƙasa.

Masu neman sawaba

A Ikko, Dokta Nnamdi Azikiwe ya kafa jaridar West African Pilot a 1937. Tana sukar mulkin mallaka ba tsoro. A 1945, lokacin babban yajin aikin ma'aikata, gwamnati ta hana buga ta na ɗan lokaci, ita da 'yar uwarta Daily Comet. Daga baya Comet ta koma Kano, ta zama bakin matasan Arewa masu son canji.

Ran 8 ga Agusta, 1950, aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Malam Aminu Kano ya zama shugabanta daga baya. Malam Sa'adu Zungur na Bauci da wasu malamai sun rubuta waƙoƙi na farkar da jama'a. Ana buga su da boko da ajami a ƙananan takardu. 'Yan tireda da 'yan koli da direbobi su ne ke kai su kasuwannin ƙauye. Wanda ya iya karatu ya karanta, sauran su haddace. An kama 'yan jam'iyyar da yawa, an ɗaure su. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri sau da dama. Amma abin da ya shiga kan mutane ba ya ɗauruwa.

A shekarun 1950 kuma Gwamnatin Jihar Arewa ta tayar da Yaƙi da Jahilci. Aka buɗe azuzuwan manya a ƙauyuka, aka buga wa larduna ƙananan jaridu, irin su Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina. Masu karatu suka ƙaru. Arewa ta sami mulkin kanta a 1959, Nijeriya ta sami 'yanci ran 1 ga Oktoba, 1960.

Abin lura

Jama'a, injin ɗab'i ƙarfe ne kawai. Ba ya amfani sai an sami mai karanta abin da ya buga. Wanda ya iya karatu shi ke duba rasit ɗin haraji, ya karanta lambar sikeli, ya san abin da ke cikin takarda kafin ya dangwala yatsa. Saboda haka wanda ya shiga aji kada ya fasa don damina ko kasuwa. Magidanta kuma su bar matansu su je. In an gama karanta wannan jarida, a karanta wa maƙwabci.