Me Ya Sa Saƙon Murya Yake Ƙin Fita a Salula?

A ƙasar Adar gidaje da yawa suna da mutum a wurin ci-rani. Daga Barmu da ƙauyukan da ke kewaye da Tawa, maza kan tafi Abijan, ko Libiya, ko Nijeriya bayan an gama girbi. Saƙon murya ne yake haɗa su da gida, domin ba kowa ne ya iya karanta rubutaccen saƙo ba. A cikinsa ake faɗin kuɗin da aka aiko da wanda za a karɓa a hannunsa. Idan muryar ta ƙi fita, sai hankalin iyali ya tashi, a ce salula ta lalace. Sau da yawa kuwa lafiyarta ƙalau.

Salula ba iri ɗaya ba ce

Kowace salula tana da babbar manhaja a cikinta, wato tsarin da yake tafiyar da aikinta. Manyan wayoyin shafawa irin Tecno da Itel da Samsung suna aiki da Android. Wayar iPhone tana aiki da iOS. Ƙananan wayoyi masu madannai suna da nasu tsarin mai sauƙi.

Ita ma murya ba a hanya ɗaya ake adana ta ba. Kamar yadda ake rubuta Hausa da boko ko da ajami, haka ake adana sauti a sigogi daban-daban. Wanda ya iya boko kaɗai ba zai karanta wasiƙar ajami ba, ko da yake Hausa ce a ciki. Ƙananan wayoyi sun fi ɗaukar murya a sigar AMR. Saƙon murya na WhatsApp yana zuwa a sigar Opus, wadda aka tabbatar da ita a 2012. Na'urar ɗaukar murya ta iPhone tana adanawa a sigar M4A. Wadda kusan kowace na'ura ta sani ita ce MP3, tun daga salula har rediyo mai cin kati.

To, ga inda matsalar take. Yaro ya karɓi saƙon babansa a babbar waya, ya tura wa mahaifiyarsa ta Bluetooth zuwa ƙaramar wayarta. Saƙon ya iso, amma ya ƙi buɗuwa. Ba wayar ce ta mutu ba, ba kuma saƙon ne ya lalace ba: wayar ce ba ta san sigar Opus ba. Maganin shi ne a juya saƙon zuwa MP3 kafin a tura. Masu zuba waƙoƙi da wa'azi a kati a kasuwa suna iya yin wannan da kwamfuta. Idan ba su kusa, akwai dabara mai sauƙi: a kunna saƙon a babbar wayar, a ɗauke shi da ƙaramar, a wuri marar hayaniya. Muryar za ta ɗan dushe, amma za a ji maganar.

A lura kuma cewa WhatsApp ya daina aiki a tsofaffin wayoyin Nokia masu tsarin S40 tun ƙarshen 2018. Babu mai gyaran da zai iya dawo da shi.

Katin memori

Kati ma yana da nasa tsarin. Wanda bai wuce giga 32 ba yakan zo da tsarin FAT32, wanda ƙananan wayoyi da rediyo suke ganewa. Kati mai giga 64 zuwa sama yakan zo da tsarin exFAT, kuma yawancin ƙananan na'urori ba sa karanta shi. Saboda haka babban kati ba shi ne ya fi amfani ba. Ita iPhone ba ta da ramin kati sam.

A nan ne ake yin hasara mafi zafi. Idan waya ta kasa karanta kati, takan nuna tambaya da kalmar Faransanci “Formater”. Ya kamata kowane mai koyon karatu ya riƙe siffar wannan kalma. Ma'anarta a goge duk abin da ke cikin katin. Wanda ya amsa da “Oui” ya rabu da karatunsa, da hotunansa, da muryar iyayen da watakila sun riga mu gidan gaskiya. A danna “Non”, a cire katin, a gwada shi a wata na'ura.

Akwai kuma katin jabu, wanda aka rubuta masa girman da ba shi da shi. Alamarsa ita ce abin da aka fara zubawa yana fita, na baya kuma yana yankewa ko ya ƙi buɗuwa.

Idan babu sauti ko kaɗan

A wayar Android, ƙarar kira daban take da ƙarar waƙa da saƙo. Waya tana iya yin ƙara idan an kira, alhali ƙarar saƙo tana ƙasa. A kunna saƙon tukuna, sannan a danna maɓallin ƙara sauti yayin da yake tafiya. A duba kuma ko Bluetooth a kunne yake, domin muryar tana iya tafiya wata lasifika da aka taɓa haɗa wayar da ita. Haka nan idan yatsa ko mayafi ya rufe saman waya, WhatsApp yakan ɗauka an kai ta kunne, sai ya mayar da muryar ƙaramar lasifika ta kira.

Ƙurar hunturu tana da nata laifin. Idan ta cika ramin abin saurare na kunne, waya takan ɗauka an soka shi, sai ta kashe lasifika, alamar abin sauraren kuma ta bayyana a saman fuskarta. A kashe wayar, a share ramin a hankali da busasshen tsinke. Kada a sa allura, kada a sa ruwa.

Idan kuma murya tana fita amma tana sarƙewa, a tuna da zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin Tawa yakan wuce digiri 40, kuma waya da ta yi zafi takan rage saurin aikinta don kare kanta. A cire ta daga caji, a ajiye ta a inuwa ta huce. Wayar da ta cika maƙil da hotuna ma takan yi haka.

Kafin a je wurin mai gyara

Gwaji ɗaya yakan raba gardama. A kunna saƙon da ya ƙi fita a wayar maƙwabci, sannan a kunna wani sautin da aka san yana da kyau a wayar da ake zargi. Idan saƙo ɗaya ne kawai ya ƙi, laifin sigarsa ne, ko kuma bai gama sauka ba saboda raunin layi, sai a roƙi mai shi ya sake aikowa. Idan kuwa babu abin da yake fita, har kira, bayan an share rami an kashe Bluetooth, to lasifikar ce, kuma tafiya Tawa ta kama. A cire kati da layi a bar su a gida kafin a miƙa wayar.