Dashen Bishiyar Ado a Malanbil: Me Ya Sa Ceri Ba Ta Yi, Kuma Me Za a Dasa?

Duk wanda ke riƙe da wayar zamani ya taɓa cin karo da hoton bishiyar nan ta ƙasar Japan da ake kira sakura, wato ceri mai fure. A ƙarshen watan Maris zuwa farkon Afrilu takan lulluɓe da fure fari mai ratsin ja-ja, kafin ko ganye ɗaya ya fito, sannan cikin mako guda ko biyu furen ya kakkaɓe. Ba don 'ya'ya ake dasa ta ba, don kallo ne kawai. A shekarar 1912 birnin Tokyo ya aika wa birnin Washinton na Amurka kyautar dashe 3,020, bayan an ƙone kashin farko da aka kai a 1910 saboda ƙwari da cuta da aka samu a jikinsu. Har yau mutane na yin dafifi duk shekara don ganin furen a can.

To, a ce magidanci a Malanbil ya gama gininsa, ya ga wannan hoto, ransa ya biya. Zai iya saye ya dasa a ƙofar gida? Amsa a taƙaice ita ce kuɗinsa zai zubar, kuma dalilin ba rashin taki ba ne ko ƙarancin ban ruwa. Ceri bishiyar ƙasashen sanyi ce. Idan hunturu ya shigo takan zubar da ganye ta yi barci, kuma idanun furenta ba sa buɗewa sai sun kwashe ɗaruruwan sa'o'i cikin sanyin da bai haura digiri 7 ba. Malanbil kuwa tana can ƙuryar arewacin Jamhuriyar Benin, a jihar Alibori, bakin Kogin Kwara, tana kallon Gaya ta Nijar a tsallake. Sanyin hunturunta, wanda ke sa mutane jin wuta da asuba, bai kai ko kusa da abin da ceri ke nema ba. A watan Afrilu, lokacin da take fure a Japan, zafi a nan yana wuce digiri 40. Akwai wani iri na ƙasar Taiwan da ba ya neman sanyi mai yawa, amma shi ma bazarar bakin Kwara ta fi ƙarfinsa. Saboda haka duk mai tallan irin ceri a intanet da ya ce za ta yi ko'ina, ciniki kawai yake nema.

Abin da mutum ke sha'awa a hoton nan, idan aka duba, shi ne bishiya tsirara cike da fure. Wannan kuwa muna da shi a dajinmu. Gurjiya, wadda wasu ke ce wa kurya, tana zubar da ganye da kaka, sannan tsakiyar hunturu ta fitar da manyan furanni jajaye masu kauri a kan rassan da ba ganye. Mata sun san ta fiye da masu gini, domin da gindin furenta ake miyar yauƙi. Marga ita ma tana sako zarar fure rawaya da bazara. Illar su biyun ita ce jinkirin girma, kuma ba kasafai ake samun dashensu a wajen masu sayarwa ba, sai an roƙi ma'aikatan gandun daji ko mutum ya nemo iri da kansa.

Wadda ta fi sauƙin samu ita ce filambuwayan, 'yar asalin tsibirin Madagaska, da ta bazu a garuruwan Afirka ta Yamma tun zamanin Turawa. Tana yin ja wur a ƙarshen bazara, daidai lokacin da komai ya bushe ana jiran ruwan farko, kuma inuwarta shimfiɗaɗɗiya ce. Sai dai saiwarta ba ta nutsewa, sama-sama take bi, tana ɗaga daɓe tana tsaga katanga. Wanda ya dasa ta jikin bango ko kusa da ramin masai zai biya magini daga baya. A ba ta tazarar mita shida ko fiye daga gini. Irinta yana cikin dogon kwanso mai tauri, kuma ba ya tsira da wuri sai an goga bayansa a dutse ko an jiƙa shi a ruwan zafi ya kwana. Fure kuwa sai an yi haƙurin wasu shekaru.

Wajen saye, idon mutane kan tafi ga dashen da ya fi tsawo, nan kuma ake cutuwa. Ɗaga ledar ka duba gindinta. Idan saiwa ta huda leda ta kama ƙasa, an tsinke ta kafin a miƙo maka. Idan ta nannaɗe a ciki kamar gammo, bishiyar za ta daɗe tana fama, iskar farkon damina kuma na iya kayar da ita. Dashe mai tsawon gwiwa, mai kara miƙaƙƙe da ganye kore shar, ya fi wanda ya kai kafaɗa. Wanda aka ɗauko a mota daga Kandi ko Paraku a bar shi a inuwa kwana kaɗan ana yayyafa masa ruwa, ya farfaɗo daga wahalar hanya.

Ranar 1 ga watan Yuni ce ranar dashen itatuwa ta ƙasa a Benin tun 1985, maƙwabciyarta Nijar kuma tana yin nata ranar 3 ga Agusta. A ganina, mutumin Malanbil ya fi dacewa ya tsaya tsakanin biyun. A farkon Yuni damina ba ta gama zama a arewa ba, ana iya yin ruwa ɗaya a ɗauke kwana goma. Daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli ƙasa ta sha, dashe kuma yana da sauran watanni na kafa saiwa kafin rani.

A haƙa rami rabin mita a faɗi, rabin mita a zurfi. A gauraya ƙasar sama da takin dabbobi wanda ya ruɓe sosai, don ɗanyen taki yana ƙone saiwa, yana kuma gayyato gara. A yanke ledar da reza a cire ta gaba ɗaya ba tare da ƙasar ta warwatse ba, a ajiye dashen daidai zurfin da yake a leda, a taka gefensa da ƙafa, a yi masa ɗan kwari na riƙe ruwa. Da yamma ake wannan aiki. A unguwannin da ke gangaren kogi, inda ƙasa laka ce kuma ruwa ke kwanciya a Agusta da Satumba, ba kwari ake yi ba: a tara ƙasa a yi tudu a dasa a kai, domin saiwar da ta kwana biyu cikin ruwa ruɓewa take.

Saura akuya. A garin kasuwa kamar Malanbil, inda dabbobi ke yawo sake, dashen da babu shinge ba ya kai Juma'a. Wasu na kewaye shi da ƙaya, wasu da bulo da aka jera da ramuka don iska, wasu da tsohuwar ganga da aka fasa gindinta. Ganga tana ɗaukar zafi da bazara, don haka a huda jikinta da yawa. Daga Nuwamba har ruwa ya dawo, a ba dashen bokiti guda sau biyu ko uku a mako, a rufe gindinsa da buntun shinkafa, wanda ba ya wuyar samu a garin. Rani biyu ake wannan hidima, shingen kuma ba a cire shi sai kan bishiyar ya wuce inda akuya ke kaiwa idan ta miƙe a ƙafa biyu.