Ƙurajen ƙeya: Ciwon da aski ke tsananta wa matasa

Yakan fara da 'yan ƙananan ƙuraje masu ƙaiƙayi a ƙeya, kwana kaɗan bayan aski. Idan aka yi sakaci, sai su taurare, su haɗe su zama tudun tabo mai zubar da jini ko mugunya, gashin wurin kuma ya tafi ke nan.

Likitoci na kiran ciwon acne keloidalis nuchae. Moritz Kaposi, likitan fata a birnin Biyana na Ostiriya, shi ya fara bayyana shi a 1869. Ya fi kama maza baƙar fata, daga balaga zuwa tsakiyar shekaru. Ba kasafai yake kama mata ba.

Me ke jawo shi?

Tushensa kumburin ramin gashi ne. Idan ramin ya fashe, sai guntun gashi ya maƙale a cikin fata, jiki ya ɗauke shi baƙo, ya kewaye shi da tabo. Askin ƙwal-kwabo, gyaran ƙeya da reza, gogar wuyan riga ko hular kwano, da yawan susa, duk suna ƙara rura shi.

Ba ƙazanta ke kawo shi ba, kuma ba a ɗaukarsa daga wani. Sai dai ƙurajen kan yi jini lokacin aski, kuma injin da ba a tsaftace ba na iya ɗaukar ƙwayar cutar hanta nau'in B zuwa kan na gaba.

Yana da magani?

Tun yana ɗanye ake tanƙwara icce. A matakin farko, likita kan ba da man shafawa mai sitiroyid da maganin kashe ƙwayoyin cuta, tare da umarnin daina aski har ƙasa. Idan ya yi tauri, akan yi allura a cikin tabon, ko a ƙone tushen gashin da hasken leza. Babban tudu kuwa sai tiyata.

Masu zuba ruwan batir ko baƙin mai suna ƙona fata ne kawai, tabon ya ƙara girma.

Ina hukuma?

Likitocin fata a Najeriya kaɗan ne, akasarinsu a asibitocin koyarwa na manyan birane, shi ya sa matashi ke fara kai kukansa wurin mai aski ko kemis. Duba tsaftar shagunan aski kuwa aikin jami'an duba-gari ne na ƙananan hukumomi. Tambayar da ta dace a yi wa shugabanninsu ita ce: yaushe rabon da a leƙa shagunan?