Natalie, yarinya mai iyo da ƙafa ɗaya

Da damina, in tabkin Dogon Dutsi ya cika, yara sukan tafi iyo. In akwai gurgu cikinsu, shi ake bari a bakin ruwa yana jiran tufafi. Ba wanda ke tambayarsa ko yana so ya shiga. Ni ma na yi haka ina yaro, kuma ban yi daidai ba. To, yara, ku saurari labarin wata yarinya.

Sunanta Natalie du Toit. An haife ta a shekara ta 1984 a birnin Kap, cikin ƙasar Afirka ta Kudu. Tun tana ƙarama take iyo. Tana da shekara 14 aka fara aika ta gasa ƙasar waje. A watan Fabrairu na 2001, ta fito daga koyon iyo, ta hau babur za ta makaranta, sai mota ta buge ta. Likitoci suka yanke mata ƙafar hagu daga gwiwa. Bayan wata uku ta koma cikin ruwa, tun ma ba ta fara tafiya ba.

Ƙaƙa mai ƙafa ɗaya zai yi iyo? Ku tuna sa'ad da kuka shiga tabki, ruwa ya kai muku ƙirji. Ba kwa jin jikinku ya yi sauƙi? Ruwa ne ke ɗaukar nauyinku. A tudu ƙafafu ke ɗaukar mutum, su kuma kai shi gaba. A cikin ruwa hannuwa ke jawo shi. In iyon mai nisa ne, babban aikin ƙafafu shi ne su daidaita jiki, kada ƙugu ya nutse.

Amma kada ku ce abin banza ne. In ƙafa ɗaya ce ke bugun ruwa, jiki yakan karkace gefe guda, sai hannuwa da ciki su gyara shi. Ga kuma wata matsala. Tabkin gasa da siminti ake gina shi, tsawonsa metir 50. In mai iyo ya kai ƙarshe, sai ya juya, ya tokari bango da ƙafafu, ya koma da ƙarfi. Natalie da ƙafa ɗaya take tokarawa. Ƙafar roba kuwa, a waje take aje ta kafin ta shiga.

Duk da haka ta yi gasa da masu ƙafa biyu. A 2002, a Mancesta ta Ingila, ta kai zagayen ƙarshe na iyon metir 800. A 2003, a wasannin Afirka da aka yi nan kusa da mu, a Abuja, ita ta zo ta ɗaya a metir 800, ta samu lambar zinariya.

Burinta shi ne wasannin Olimpik. A 2004 ba ta samu shiga ba, kaɗan ya rage. Daga baya sai ta koma iyon kilometir 10, wanda ake yi cikin buɗaɗɗen ruwa, inda babu bangon tokarawa. Dabara ce mai kyau, a ganina. A 2008 ta shiga Olimpik a Pekin, ƙasar Sin. Ta yi awa biyu da ɗan wani abu cikin ruwa, kusan lokacin da babban mutum ke yi in ya taka kilometir 10 da ƙafa. Ta zo ta 16. Tsakaninta da wadda ta ci, minti ɗaya ne da daƙiƙa 22.

Naƙasassu suna da nasu manyan wasanni, ana ce musu Paralimpik. A nan ana raba ƴan wasa rukuni-rukuni, gwargwadon naƙasar kowa. Natalie ta ci zinariya 5 a 2004, ta ci 5 a 2008, ta ci 3 a Landan a 2012. Daga nan ta bar gasa, tana da shekara 28.

Aiki

Ku fita filin makaranta da malam, ku auna metir 50 da igiya. Sau nawa Natalie ta ratsa wannan tsawo kafin ta cika metir 800 a Abuja?