Kai Ba Ya Sabawa da Bugu: Gaskiya da Ƙarya Kan Dambe da Kare Kai

Da zarar an kai gero rumbu, an kakkaɓe riɗi a ƙauyukan Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, samari kan fara ɗaure kayansu zuwa cin rani a Kano. Labarin ƙwacen waya ya riga su isa gida, don haka hirar teburin mai shayi takan karkata ga yadda mutum zai tsare kansa a birni. A nan ake jin maganganun da suka zama kamar karatu: wai duk horon da ba a bugun gaske a cikinsa rawa ce, wai kai yana sabawa da naushi har ya daina jin komai, wai ɗan dambe ya fi ƙarfin mai wuƙa. Ɗaya daga cikinsu tana da ƙamshin gaskiya. Sauran biyun suna iya kai yaro kushewa.

Mutanen wannan yanki ba baƙi ba ne ga bugun gaske. Dambe wasan mahauta ne tun asali, waɗanda kan bi gari-gari bayan kaka da masu kalangu a bayansu. Ana naɗe hannu mai ƙarfi da tsumma da zare har ya yi tauri, ɗayan kuma a miƙa shi gaba a buɗe yana karewa yana auna tazara. Turmi uku ake yi, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an yi masa kisa. Waƙoƙin Ɗan Anace suka kai sunan Shago kowane lungu na ƙasar Hausa, yau kuwa matashi a Gwiwa yana kallon karawar ɓangarorin Kudu da Arewa da Guramada ta wayarsa, daga filin Ado Bayero na Sabon Garin Kano ko gidan damben Ali Zuma da ke Dei-Dei a Abuja.

Maganar farko dai akwai gaskiya a cikinta, kuma bai kamata a rage mata daraja ba. Wanda bai taɓa tsayawa gaban mutumin da ke nufinsa da gaske ba, ranar da abin ya same shi zuciya za ta yi ta dukan uku-uku, baki ya bushe, ƙafafu su yi nauyi, duk abin da ya haddace ya gudu. Ɗan damben da ya sa zare sau da yawa ya san wannan yanayin, ya saba numfashi a cikinsa. Ba ya rufe ido in hannu ya taso. Yana karanta kafaɗar abokin karawa kafin naushi ya fito, ya san taku nawa ne tsakaninsa da haɗari. Wannan ilimi ba ya shiga jiki ta hanyar dukan iska. A shekarar 2017 a birnin Chengdu na ƙasar Sin, wani mai horon faɗan gauraye, Xu Xiaodong, ya kara da Wei Lei, malamin tai chi mai tarin almajirai, bai cika rabin minti ba ya kai shi ƙasa. Malamin ya daɗe yana gwada salo, amma bai saba da abokin karawar da ba ya ba da haɗin kai ba.

Sai dai a nan ne ake cakuɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne: karawa da mai tirjiya da dukkan ƙarfinsa, da kuma shan naushi a ka. Jigoro Kano, Bajafanen da ya kafa makarantar judo a Tokyo a 1882, ya gane bambancin. Ya fitar da dabarun da ke karya wuya ko tsole ido daga karawar yau da kullum, domin ɗalibansa su riƙa gwabzawa da iya ƙarfinsu kowace rana su kuma tashi lafiya gobe. Bahaushe ma yana da irin wannan a gida, wato kokawa. Mutanen Babura, da ke maƙwabtaka da Nijar, sun san gasar kokawa ta Takobi da aka fara a Tawa a 1975, sun san sunan Isaka Isaka na Doso. Ɗan kokawa yana samun tirjiya cikakkiya, yana koyon tsayuwa da ƙwace jiki daga riƙo da faɗuwa ba tare da ya karye ba, kuma ba a auna kansa da dunƙule. Ga mai neman kare kai, wannan ya ɗauke rabin aikin.

Maganar cewa kai yana sabawa da bugu ƙarya ce tsagwaronta. Wuya yana ƙarfi da horo, zuciya tana dakewa, mutum yana koyon kauce wa naushi. Ƙwaƙwalwa kuwa ba tsoka ba ce. Abu ce mai taushi da ke zaune cikin ruwa a ƙoƙon kai, kamar kindirmo mai kauri a ƙwarya, in an fizgi ƙwaryar sai ya bugi gefe. Naushin da ya sauka a haɓa yana juya kai da sauri, ƙwaƙwalwa ta murɗa, siraran jijiyoyinta su miƙe, wasu su tsinke. Shi ya sa jarumi kan zube ba tare da ƙashi ko ɗaya ya fashe ba. Wanda kuma ya samu irin wannan girgiza sau ɗaya ya fi saurin samun ta biyu, musamman in ta farko ba ta warke ba.

Likitoci sun daɗe da sanin haka. A 1928 Harrison Martland, likitan binciken gawa a jihar New Jersey ta Amurka, ya rubuta bayanin tsofaffin 'yan damben da ke tafiya suna tangaɗi, magana tana sarƙe musu, hannu yana rawa, kamar mashaya alhali ba su sha komai ba. A 2002 wani ɗan Najeriya haifaffen Anambra, Dokta Bennet Omalu, ya duba ƙwaƙwalwar Mike Webster a Pittsburgh, tsohon ɗan ƙwallon Amurka da ya rasu yana da shekara 50 bayan ya yi fama da mantuwa da rikicewar hali. Ya tarar da irin lalacewar da aka sani a wurin 'yan dambe, ya wallafa sakamakon a 2005. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa ba bugun da ke sumar da mutum kaɗai ke yin ɓarna ba, har da ƙananan da ake sha kullum a wurin atisaye shekara da shekaru. Wannan shi ne abin da ya kamata mai horar da yara a bayan gari ya ji da kunnen basira, domin naushin atisaye ya ninka na ranar wasa sau tari.

Akwai kuma masu cewa tunda bai suma ba, lafiyarsa lau. Mafi yawan girgizar ƙwaƙwalwa ba ta zuwa da suma. Abin da ya fi ban tsoro shi ne zubar jini a cikin ƙoƙon kai: mutum zai tashi ya karkaɗe ƙasa, ya karɓi kuɗin da 'yan kallo suka liƙa masa, ya ci tuwo, sai bayan sa'o'i ciwon kai ya tsananta, amai ya biyo, barci mai nauyi ya ɗauke shi. A damben zamani na masu son, wanda aka tsayar masa da wasa saboda bugun kai ba ya komawa fili sai bayan aƙalla kwana 30. A damben gargajiya kuwa sau da yawa zuga da kirari ne ke yanke ranar komawa.

Hular dambe ma ba ta warware matsalar. Tana hana tsagewar gira da kumburin kunne, amma ba ta hana kai juyawa. Hukumar damben masu son ta duniya ta cire ta ga manyan maza a 2013, haka aka yi gasar Olamfik ta Riyo a 2016 kai a buɗe. Ƙwaya irin su taramol kuwa ciwon kawai take ɓoyewa, ta bar mutum yana ƙara shan bugun da jikinsa ya riga ya ce ya isa, ga shi tana iya jawo farfaɗiya.

Batun ƙananan yara ba ya buƙatar doguwar muhawara. Ƙungiyoyin likitocin yara na Amurka da Kanada sun fitar da matsaya tare a 2011 cewa dambe bai dace da yara ba. A Nuwamban 2018 wani yaro ɗan shekara 13, Anucha Tasako, ya rasu a Tailan sakamakon zubar jini a ƙwaƙwalwa bayan an buge shi a fili. Uban da ke alfahari ɗansa na firamare yana shan naushi ba ya kuka, yana sayar da abin da ba zai iya sayo masa ba.

Sai maganar wuƙa. Filin dambe yana da yashi, da alƙali mai rabawa, da haske, mutum ɗaya ga mutum ɗaya, kuma kowa ya san abin da ke hannun ɗan'uwansa. Masu ƙwacen waya ba sa zuwa ɗai-ɗai, ba sa kirari, abin da ke hannunsu a ɓoye yake. Wani jami'in 'yan sandan Amurka, Dennis Tueller, ya nuna a 1983 cewa mai wuƙa yana iya cin tazarar mita 6 cikin daƙiƙa ɗaya da rabi. Hannun da ɗan dambe ya saba miƙawa gaba don karewa shi ne farkon abin da kaifi zai samu. Laya da guru da maganin tauri suna da gurbinsu a tarihin wasannin Hausawa, amma kada wani ya jingina ransa a kansu cikin lungu da dare. Horon da ya tsaya a kan gaskiya yana koya wa mutum ya lura da wanda ke binsa, ya guji ciro waya a bakin titi bayan magariba, ya miƙa ta in an tsare shi da makami, ya zura da gudu in ya ga hanya. Tsofaffin 'yan dambe da kansu sun fi kowa gudun faɗan titi, don sun san abin da bugu ɗaya ke yi.

Wanda ya yi nasara ma bai tsira ba. Dunƙulen da ba a naɗe ba yakan karye a ƙashin ɗan ƙaramin yatsa in ya haɗu da goshi. Wanda aka buga kuma ba a yashi zai faɗi ba, a kwalta ko bakin kwalbati ƙeyarsa za ta sauka. Irin wannan mutuwa ta naushi ɗaya ta sa jihar New South Wales ta Ostireliya ta tsananta dokarta a 2014, bayan rasuwar wasu samari biyu a Sidni. A Arewacin Najeriya dokar Pinal Kod da aka gada tun 1960 ta amince da haƙƙin kare kai, amma ta ce kada cutarwar ta wuce abin da kariyar ke buƙata. Saurayin da ya zuba wa wani naushin fili saboda cacar baki a tasha, kotu ba za ta kira wannan kare kai ba.

Abin lura shi ne horon kare kai da aka auna amfaninsa da alƙaluma ba ya ɗauke da bugun kai. A unguwannin talakawa na Nairobi an koyar da 'yan matan sakandare na tsawon mako 6, sa'a biyu kowane mako: gane haɗari tun daga nesa, ɗaga murya, ƙwace hannu, bugun wurare masu rauni, gudu. Rahoton 2013 ya nuna cin zarafin da suke fuskanta ya sauka daga kusan kashi 25 cikin 100 zuwa kashi 9. A Kanada, binciken Charlene Senn na 2015 kan ɗalibai mata 893 ya samu fyaɗe kashi 5.2 cikin shekara guda ga waɗanda suka yi horon sa'a 12, kashi 9.8 ga waɗanda ba su yi ba. Makarantun 'yan mata da kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure za su iya ɗaukar irin wannan tsari ba tare da an gina fili ko an sayi safar dambe ba.

Mai horar da samari a Roni ko Babura ba sai ya rufe filinsa ba. Ya haɗa yara daidai nauyinsu, ya bar cikakken ƙarfi ga buhun yashi da kokawa da bugun jiki, in za a taɓa kai a taɓa shi da sauƙi kuma ba kullum ba, kowa ya sa robar kare haƙori. Wanda ya ga jiri ko ya manta turmin da ake ciki, a kwance masa zare nan take, ya huta wata guda ko da ya rantse ya warke, kuma wani ya kwana kusa da shi a daren farko. In ya yi amai fiye da sau ɗaya, ko ciwon kai yana ƙaruwa, ko gefe ɗaya na jikinsa ya saki, ko an kasa tashinsa daga barci, a nufi babban asibitin Kazaure ko na Babura a daren, tare da shirin wucewa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano inda ake ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da yin aikin kai. Daga Gwiwa tafiyar ba kusa ba ce, don haka a nemi mota tun alamar farko.