Itatuwan farfajiyar makaranta: sanin sunansu shi ne farkon kiyaye su

Tun daga shekarar 1975 ne gwamnati ta mai da 3 ga watan Agusta, ranar da Nijar ta samu ƴancin kanta a 1960, ta zama ranar dashen itatuwa. An yi haka ne bayan babban farin da ya halaka dabbobi da daji a 1973 da 1974. A Tawa, makarantu ba su zauna baya ba wajen wannan aiki. Amma sau da yawa ɗalibi yakan shekara yana karatu ƙarƙashin icce bai san sunansa ba. Wanda kuwa bai san icce ba, ranar shara sai ya tumɓuke ɗan tsironsa yana zaton ciyawa ce.

Iccen da ya fi yawa cikin makarantunmu shi ne dogon yaro, wanda waɗansu ke kira bedi. Baƙo ne, asalinsa ƙasar Indiya. Ganyensa sirara ne masu baki kamar zarto, ga ɗaci, ga inuwa mai sanyi. Da shi aka jera shingayen tare iska a kwarin Majiya tun daga 1975.

Gawo kuwa ɗan gida ne, kuma gane shi ba wuya. Da damina, sa'ad da sauran itatuwa ke yin ganye, shi zubar da nasa yake yi. Sai da rani ya yi kore. Saboda haka ba ya hana hatsi rana, ganyensa taki ne, ƴaƴansa kuma abincin bisashe. Dokar gandun daji ta hana sare shi ba da izini ba.

Aduwa ana gane ta da ganye biyu-biyu da dogayen ƙayoyi masu kore. Bagaruwa tana da fure rawaya dunƙule-dunƙule, da ƴaƴanta majema ke jima. Ganyen kalgo a tsage yake biyu kamar kofaton raƙumi. Magarya tana da ƙaya biyu wuri ɗaya, ɗaya miƙaƙƙiya, ɗaya lanƙwasassa, ita ce mai kama riga.

Wannan sani ba na masana kaɗai ba ne. Aikin raya karkara na Keita, wanda aka soma a 1984 da taimakon ƙasar Italiya, ya nuna cewa ƙasar Adar da ta bushe tana iya farfaɗowa in an dasa icce an kula da shi. Ga shi kuma tun 2010 Tawa ta samu jami'arta.

Don haka ya kamata shugabannin makarantu su nemi ma'aikatan gandun daji su zaga da ɗalibai, a rataya wa kowane icce allo da sunansa cikin Hausa da Faransanci. Malamin da ya fito makarantar horon malamai da wannan sani, shi zai kai shi ƙauyen da aka tura shi.