Ruwan Sama Mai Asid: Laifin Hayaƙi Ne, Ba na Gajimare Ba

A watan Maris na 2010 wani saƙon waya ya karaɗe Nijeriya, yana gargaɗin cewa za a yi ruwan sama mai asid, wai duk wanda ya taɓa sai ya kamu da ciwon dajin fata. Mutane suka riƙa gudun yayyafi, aka yi ruwan, ba wanda ya ƙone. Saƙon ƙarya ne. Amma ruwan asid ɗin akwai shi, sai dai ba da gaggawa yake ɓarna ba, kuma ba fatar mutum yake nema ba.

Asid shi ne duk abin da idan ya narke a ruwa yake sakin ƙwayoyin haidirojin masu caji. Harshe kan gane shi da tsami: lemun tsami, tsamiya, yakuwa, nonon da ya kwana. Ruwan batirin mota ma danginsu ne, ƙarfinsa ne ya wuce a ɗanɗana. Kishiyarsa shi ne abin da masana ke kira bes, wanda aikinsa karɓe waɗannan ƙwayoyi. Nan kanwa take, da ruwan toka, da farar ƙasa, da sodar da ake sabulu da ita, mafi yawansu da santsi a hannu. In su biyu suka haɗu sai su kashe ƙarfin juna, a samu ruwa da wani nau'in gishiri. Abin da uwargida ke yi ke nan idan ta jefa kanwa a miyar yakuwa: tsami ya faɗi, tukunya ta yi kumfa, kumfar kuwa iskar kabon dayoksaid ce ke fita. Mai son gani da ido ya jiƙa zoɓorodo ya raba biyu. Wanda aka matsa wa lemun tsami zai ƙara ja, wanda aka sa wa kanwa zai rikiɗe ya yi duhu.

Ma'aunin wannan ƙarfi shi ne pH, wanda Soren Sorensen na ƙasar Denmak ya fito da shi a 1909. Ruwa tsantsa yana kan 7. Ƙasa da haka asid ne, sama da haka bes. Ruwan lemun tsami yana wajen 2, jinin mutum 7.4, sabulu wajen 10. Inda mutane kan ruɗe shi ne tazarar matakan, domin kowane mataki ninki 10 ne. Ruwa mai pH 5 ya fi mai 6 asid sau 10, ya fi mai 7 sau 100.

Ko a dajin da ba masana'anta, ruwan sama ba ya sauka a kan 7. Kabon dayoksaid da ke cikin iska tana narkewa a cikinsa, ta saukar da shi zuwa wajen 5.6. Matsala tana farawa ne idan aka ƙona kwal ko man fetur mai farar wuta a ciki. Farar wutar takan fita a matsayin iskar salfa dayoksaid, ta haɗu da oksijin da tururin ruwa a sama, ta zama asid irin na batir. Zafin injin mota da na tashar lantarki kuma yakan tilasta wa naitirojin da oksijin na iska su haɗu, daga nan a samu asid na biyu. Dutse mai aman wuta da walƙiya suna ba da nasu kason, amma a ƙasashen masana'antu hannun mutum ya fi yawa. A arewa maso gabashin Amurka an daɗe ana auna ruwan sama mai pH wajen 4.3, wato ninki 20 na wanda aka saba. Duk da haka ruwan lemun tsami ya fi shi ƙarfi wajen sau 200, shi ya sa ba ya ƙona kowa.

Robert Angus Smith ne ya fara lura da abin a birnin Manchesta na Ingila, ya rubuta shi a littafinsa na 1872. Maganin da masu masana'antu suka kawo daga baya shi ne tsawaita bututun hayaƙi, kamar wanda aka gina a Sudbury ta Kanada mai tsawon mita 381. Gari ya sha iska, hayaƙin kuma ya tafi ɗaruruwan kilomita ya sauka a gonar wani. A 1967 Svante Oden ya nuna cewa tsamin da ke kashe tafkunan Suwidin yawancinsa daga ƙetare iska ke kawo shi, daga Birtaniya da tsakiyar Turai.

Me ya sa Suwidin da Norwe suka fi jin jiki? Ƙasarsu tana kan dutsen da ba shi da farar ƙasa, ba abin da zai kashe asid ɗin. Yana ratsa ƙasa sai ya wanke kalsiyam da magnesiyam da itatuwa ke rayuwa da su, ya kuma narkar da alminiyum ya kai shi rafi, inda yake toshe wa kifi hanyar numfashi. Idan pH ya kai 5, yawancin ƙwan kifi ba ya ƙyanƙyashewa. Tafki sai ya yi garau, gwanin kyau, alhali ba mai rai a ciki. Suwidin ta koma zuba garin farar ƙasa a tafkuna da jiragen ruwa da masu saukar ungulu. Wannan jinya ce, ba magani ba.

Magani ya zo ne da aka koma bakin bututu. An sa hannu kan yarjejeniyar Janiba ta rage gurɓatar iska a 1979, Amurka ta gyara dokar tsabtar iska a 1990, aka tilasta wa tashoshin lantarki rage salfa dayoksaid, da yawansu suka koma wanke hayaƙinsu da ruwan farar ƙasa kafin ya fita. Salfa dayoksaid na tashoshin Amurka ya ragu da fiye da kashi 90 cikin 100.

A Sahel muna da garkuwar da ba mu saya ba. Ƙurar Sahara da hadari ke tasowa da ita tana ɗauke da kalsiyam, kashin dabbobi kuma yana fitar da iskar amoniya, duka biyun suna rage tsamin ruwan sama. Amma kada wannan ya ruɗe mu. Iskar da ke zama asid a gajimare sai ta bi ta hancin mutum tukuna, kuma mai ciwon asma da ke kwana kusa da janareta ya san haka. Rahoton ƙungiyar Public Eye na 2016 ya nuna yadda a lokacin ake sayar wa Afirka ta Yamma man dizal mai farar wutar da ta ninka abin da Turai ta yarda da shi sau ɗaruruwa. A yankin Neja Delta kuwa mazauna sun daɗe suna kukan kwanon rufinsu na saurin tsatsa kusa da inda ake ƙona iskar gas. Wata dokar Nijeriya ta 1979 ta sa 1984 a matsayin shekarar daina ƙona gas ɗin sai da izinin minista. Har yau wutar tana ci.